Dabbobin Mu'awiya Masu Barci

Sai da Mu'awiya ya kankare fastocin 'yan takara kaf daga katangar makarantar nan ta Tarauni kafin ya sami wurin sa fenti. Zaɓe ya wuce, sojoji sun koma bariki, kowa ya kafa ƙungiya. Ta Hajiya Safiyyah ta kare daji ce, ita ta ba shi aikin, don an ce mata yaron ya yi shekaru a kudu, babu dabbar da bai sani ba.

Ya kuwa san su. Katanga ta zama kurmi, bishiyoyi jere kamar yadda ake hango su daga bakin titi. Ga gada, ga beguwa, ga biri, kowane gashi a wurinsa. 'Yan acaɓa har tsayawa suke kallo. Mai tsiren ƙofar makaranta ya miƙo masa kyautar tsinke biyu, ya kau da kai, ya ce bai cika son ƙaurin nama ba.

Abu ɗaya ne: duk dabbobin a kwance suke ta gefe, ƙafafu haɗe, idanu rufe.

Malam Isyaku limamin unguwa ya yaba. A ganinsa yaron ya ji tsoron Allah ne, bai yi wa mai rai ido ba.

Hajiya ba ta yaba ba.

"Kai Mu'awiya, daji na ce ka zana ko ɗakin kwanan asibiti? Ranar Asabar baƙi za su zo. In ban ga ko biri ɗaya a farke ba, mai rubuta allon shago zan ba katangar."

Ya gwada. Idon farko ya fito kamar maɓallin riga, na biyu kamar ƙwai. Ya shafe, ya goge yatsunsa masu tabon ƙuna, ya sulale. Daga gidansu a Gyaɗi-Gyaɗi zuwa gidan zu, inda ake ajiye namun daji, tafiyar ƙafa ce. Mai tikiti ya gaji da ganinsa a makon nan.

Ranar Asabar aka yaye ƙyalle. Ga biri zaune, ido tar, ya riƙe wasu rassa biyu miƙaƙƙu, ya cusa fuska tsakaninsu yana leƙen jama'a. Aka yi ta tafi.

"Yawwa, ko kai fa! Haka suke kallon mutum a can dajin?"

"Haka nake zato, Hajiya."

Ta yi dariya, ta ce katangar makaranta ta gaba ma tasa ce.

Zaton ne kuwa. Duk shekarunsa a kudu, a rumfar masu naman daji ya yi su, a bakin titi, yana babbakar abin da mafarauta suka sauke, kuma sai a makon nan ya fara ganin biri da ransa.