Tsohon Direba da Ciyawar Filinsa

Tunda ka ce ba za ka sayi naka ba, na maƙwabci ya ishe ka, to gyara zama, ɗan'uwa, in ba ka misali.

Akwai wani tsohon direban tirela, ya yi shekaru yana keta hanyar Kudu har bayansa ya fara ciwo, ido ya fara gajiya. Sai ya ajiye sitiyari ya koma ƙauyensu, inda ya gaji wani makeken fili, irin wanda idan ka tsaya a gabas ba ka jin kiran wanda ke yamma. Duk abin da ya tara a hanya ya zuba shi a dashen mangwaro mai aure, ya ce su ne za su ciyar da shi da iyalinsa ran da ƙarfi ya ƙare. To amma filin mai ciyawa ne. Ruwa na sauka gamba da tofa suka taso, kuma kowa a yankin ya san idan kaka ta wuce suka bushe, masu farautar gafiya za su cinna wa daji wuta, ita kuwa wuta ba ta tambayar gonar wa ce. Dole a yanke. Ya shiga birni, mai shago ya nuna masa ɗan injin yankan ciyawa, irin wanda ake ratayawa a kafaɗa, ana tafe ana shara da shi. Mutumin naka ya dube shi sama da ƙasa ya yi tsaki. Shi da ya saba da inji mai girgiza ƙasa, ina zai kai abu mai kuka kamar sauro? Ya ce ai yana da aboki mai tarakta, wadda ake ɗaura wa wuƙa a baya, wuni ɗaya ta share filin tas. Girman kai dai rawanin tsiya.

Abokin ba mugu ba ne, sai dai taraktar ɗaya ce, masu jiranta kuma gari guda. Yau tana huɗa a gonar wane, gobe ta maƙale a fadama, jibi ana neman man da za a zuba mata. Tsohon direba ya yi ta sintiri har ya fara jin kunyar sallama a ƙofar gidan mutane. Kafin layi ya zo kansa ciyawa ta kai ƙirji, ta shanye 'yan dashen nan, ko ganyensu ba a gani. Mai tuƙa taraktar yana can sama kan kujera, sauri yake yi, wani na jiransa. Ya shiga ya yi ta shara, fili ya yi fes, aka ce masha Allah. Sai da tsoho ya bi layin dashensa yana dubawa ya ga 'yan kututturai farare, sabon sara, ɗanye sharaf. Fiye da rabin mangwaron ya tafi tare da ciyawar. Ya tsuguna a wurin ya riƙe kai, kuma wallahi ni mai ba ka labari har yau abin yana yi min ciwo. Wa zai kama? Alfarma aka yi masa, dole ma ya bi ta da godiya.

Da damina ta zagayo bai yi shawara da kowa ba, ya koma shagon nan ya ɗauko abin da ya raina. 'Yan majalisa suka sa shi gaba, wani ya ce, "Direba, ina ka faka tirelar ka ɗauko wannan?" Ya ce, "Wannan dai ba sai na yi wa kowa sallama ba kafin in tayar da shi." Bai ƙara jiran ciyawa ta yi ƙarfi ba, tun tana iya gwiwa yake faɗa mata, kafin ta fitar da kai. Idan hantsi ya ɗaga raɓa ta bushe sai ya rataya, yau wannan gefe, gobe wancan, kafin ya kai ƙarshe farkon ya sake tasowa, ya koma. Da fari har ƙasa yake askewa don haushi, sai ya ga ruwa ya fara cin wurin, ya koyi barin kamar taƙi guda. Da yake da ƙafa yake tafe, kowane dashe yana ganinsa, ya kewaye shi a hankali, ya shimfiɗa masa ciyawar a gindi don ta riƙe laima, ragowar masu kiwon raguna su kwashe suna sa masa albarka. Kafaɗa ta yi tsami, injin ma yakan yi gardama, amma wanda ya saba kwanciya ƙarƙashin tirela da sifana ba ɗan wannan ne zai gagare shi ba. Da ruwa ya ɗauke, ya bi iyakar filin duka ya aske ta ƙwal, faɗin da wuta ba za ta tsallake ba.

A shekarar nan taraktar ta lalace, aka yi ta jiran wani ƙarfe daga birni, masu dogaro da ita suna zaune har ciyawarsu ta bushe ƙayau. Wuta ta taso da rana tsaka, ta lashe filayen maƙwabta, ta iso iyakar tsoho ta rasa abin ci, ta lafa. Yana tsaye hayaƙi na sa shi hawaye, a bayansa kuma mangwaronsa kore shar, ko ganye ɗaya bai yanƙwane ba. Shi ya sa Hausawa suka ce, guntun gatarinka ya fi "sari ka ba ni."