Layin da Ya Ƙi Bushewa

Ranar da na je gona haƙo saiwar furen da nake gwadawa, na tarar da mahaifiyata durƙushe a bakin layin shukar, tana tsiyaye butar shayi a ƙasa.

Iri uku na furen maganin nan mai kai kamar bushiya na kawo ƙauyenmu na lardin Gansu a ƙasar Sin daga jami'a. Na hana kowa ba su ruwa, domin in ga wanda zai jure fari. Mai siririn ganye kaɗai ya rayu, a wannan ɗan layin. A kan maganata gidaje ashirin suka fasa shuka gero bana, suka sayi irinsa.

"Mama, me kike yi?"

"Kwantar da hankalinka, mai digiri, ba furenka nake shayarwa ba. Babanka ne. Nan ya faɗi, kuma da ƙishirwa ya tafi."

"Tun yaushe?"

"Tun da muka binne shi, kullum safe da yamma. Ka san shi da shayi."

Na dubi ɗan layin, kore shar, tsawonsa daidai na mutum a kwance. Daga bayan tudu ina jiyo maƙwabta suna shuka irin da suka saya.