Gefen Kantar Setsuyo

Genzo ya ɗora zarto a kan katakon, ya tsaya bai ja ba. Shi ya kafa kantar nan da hannunsa tun lokacin da Setsuyo ta buɗe ɗan shagon abincinta a bayan kasuwar kifi. Yau kuma ita ke cewa ya yanke gefe guda ya sauke shi ƙasa, ya cire dogayen kujeru biyu, ya bar fili a ƙarƙashi yadda keken guragu zai shige.

Ɗaya daga cikin kujerun tasa ce. A kanta yake zama kowace yamma tun rasuwar matarsa, ya ci dafaffen kifi da tofu, wato awara, ya sha giyar shinkafa mai ɗumi, yana kallon Setsuyo tana kai da komo a bayan kanta. Bai taɓa gaya mata abin da ke ransa ba. Yana ganin zaman ma ya isa magana.

Ya tambaye ta ko hukuma ce ta matsa mata. Ta ce babu ruwan hukuma. In bazara ta shigo za a buƙaci wurin, kuma ba ta yarda a tura mutum teburin lungu kusa da banɗaki kamar kaya ba. A gaban kantar ake hira, a nan ake jin ƙamshin tukunya.

"Wa zai zauna?" in ji shi.

"Wanda ya gaji da tsayuwa," ta ce, ta ci gaba da yankan albasa.

Tobita mai kifi, wanda bakinsa ba ya hutawa, shi ya kawo fassara. Ya ce ai kowa ya san tsohon saurayinta, matuƙin jirgin ruwan nan da ya koma birnin Kobe, an ce ɓarin jikinsa ya shanye. "Mama Setsuyo za ta dawo da kayanta gida ke nan. Kai kuma Gen-san, kai ne kafintan ango," in ji shi yana nuna Genzo. Aka yi dariya. Setsuyo ta yi murmushi kawai, ba ta ƙaryata ba. Genzo ya ja zarto.

Ranar awo ta sa Kanade, 'yar ƙanenta da ta zo daga birni tana koyon haɗa romo, ta fito da wani keken guragu a naɗe daga ɗakin ajiya. Setsuyo ta zauna a ciki, ta ce ya auna da ita, ya isa. Ya durƙusa ya gwada daga gwiwarta zuwa katako, daga gwiwar hannunta zuwa bakin kanta, bai ɗaga ido ba. Da za ta tashi ta dafa kafaɗarsa da ƙarfi, ta daɗe ba ta saki ba. Mako guda ya yi yana jin nauyin hannun nan, yana tambayar kansa ko ban kwana take yi masa.

Aikin dai bai yi masa ha'inci ba. Ya goge bakin katakon har ya yi santsi don kada ya kurje hannun mai zama. Ya cire dokin ƙofa ya shimfiɗa gangare. Ya sauko da ƙugiyar rataye jaka inda na zaune zai kai. Duk ƙusar da ya buga, fuskar wani tsoho da bai taɓa gani ba yake hangowa.

Ranar da ya gama, Setsuyo na zaune a kan akwatin kwalabe tana nuna wa Kanade yawan gishiri. Ta ce ya jawo kujera su sha kofi ɗaya a sabon wurin, akwai maganar da take son yi masa. Ya ce yana sauri, ya sami aiki a tsallaken ruwa. Ya tattara kayansa ya fita, ba ta raka shi bakin ƙofa kamar yadda ta saba ba, wannan ma ya ƙara masa.

Babu wani aiki a tsallaken ruwa. Duk lokacin sanyi a ɗakinsa ya yi shi, yana cin shinkafar kanti a gaban talabijin, ya wanke kwano ɗaya da tsinken cin abinci ya kife. Wayarsa ta yi ƙara wasu lokuta, ya ga lambar shagon, ya bar ta har ta yi shiru. In zai je kasuwa sai ya zaga ta bakin tasha don kada ya bi ta shagon. Daga baya wayar ma ta daina.

Da ƙanƙara ta narke, ya ce bari ya je sau ɗaya ya ga mutumin da idonsa, ya gaishe shi kamar yadda ya kamata, ya huta. Ya sa rigarsa mai kyau, ya isa da la'asar kafin a cika.

Tobita na nan a wurinsa, amma da ya gan shi bai tsokane shi ba, ya sunkuyar da kai cikin kwano. Kanade ce a bayan kanta. A gefen da ya sauke, ga keken ya shige daidai, mai shi ya ba ƙofa baya, da hular ulu da bargo a kafaɗa. Ɗan ƙaramin mutum, ramamme. Genzo ya ji haushinsa ya ragu, tausayi ya maye wurin.

Ya gaida Kanade, ya tambaye ta ko gwaggonta ta fita ne. Yarinyar ta dubi ludayin da ke hannunta.

Sai tayoyin keken suka fara juyawa a hankali.

"Ka daɗe, Gen-san," in ji Setsuyo, tana tura keken da hannu ɗaya. "Ban ma kai bazarar ba, tun farkon sanyi ƙafafuna suka daina ɗaukata."