Bangon Tafin Hannu

Tun daga bakin ƙofa warin sabon fenti ya daki hancin tsohuwar malamar.

Ita ta buɗe ɗakin karatun yaran nan da kwalin littattafai da gwangwanayen fenti, ita kuma ta kafa masa al'ada: duk yaron da ya karanta littafi a gaban jama'a ba gargada, sai ya tsoma hannu a fenti ya manna a bango. A haka bangon ya cika, ja da kore da shuɗi. Wasu masu hannun sun zama likitoci, wasu ƙasa ta rufe musu ido, har da 'yarta tilo. In kewa ta ishe ta, nan take zuwa ta ɗora tafinta a kan ɗan shuɗin hannun nan.

Yau, ranar bikin sake buɗe ɗakin bayan gyara, bangon fari fat.

"Wa ya yi wannan ɗanyen aikin?" ta tambaya.

Attajirin da ya gyara ginin ya taso yana murmushi, ya rusuna. "Ni ne, Ma-malama."

In'inar ta gane kafin fuskar. Yaron nan ne da kullum take ce wa, "Koma ka zauna, kana ɓata mana lokaci," sauran yara na sheƙa dariya. Bai taɓa samun manna hannunsa a bangon ba.

"Haba ɗana, hannun 'yata fa yana ciki."

"Na sani. Shi na fa-fara shafewa."

Ya janye labulen da ke tsakiyar bangon, jama'a suka ɗau tafi. Hannu ɗaya ne tal, na ƙaton mutum, fentin ko bushewa bai yi ba.