Littafi na Tara

Ranar da Baba ya daina gane ni, sai na ɗauko masa tsohuwar malafarsa ta wasa.

Shi ya ƙirƙiro mana wasan tun muna yara a Yelwa. Mu ne matafiya, shi kuma boka ne da ke zaune a ƙasan tafkin Kainji, yana rubuta manyan littattafai a kan harshen kifaye da garuruwan da ruwa ya cinye. Kowace matsala muka kawo, sai ya ce amsarta tana littafi kaza.

Yana ɗora malafar, ya gyara zama, muryarsa ta dawo.

"Baƙuwa, mi ke tafe da ke?"

Na durƙusa kamar yadda muka saba. "Ranka ya daɗe, maganin mantuwa nake nema. Mahaifina ba ya gane kowa."

Ya dube ni da tausayi.

"Wannan sai littafi na tara, kuma ban rubuta shi ba. Ɗiyata ke dama mini tawada, ga shi ta daina zuwa. In kin gamu da ita, ki ce ina jiranta."

Na ce, "Zan gaya mata."