Ai Na Ɗauka Kin Warke

Ina aji uku Baba ya sayo mini maganin asma daga Batsari, irin na shaƙa, shuɗi. Malam Sada, malamin ajinmu, ya ce yara za su lalata shi da wasa, a kawo ya ajiye mini. Baba ya miƙa masa da hannu biyu.

Wata rana dab da azahar aka sa mu ƙona shara a bayan aji. Hayaƙin ya cika mini ƙirji, numfashi ya ƙi fita. Na ja jiki zuwa teburin Malam, ina nuna aljihun da yake kulle maganin.

Ya buɗe. Alli ne a ciki da ɓarin goro.

"Yana wurin tsohuwata," ya ce, bai dube ni ba. "Ai na ɗauka kin warke."

A babur aka kai ni asibiti. Ban sake shiga aji ba, har yau ban iya karatu ba.

Ya tsufa yanzu. In mun haɗu a kasuwa nakan durƙusa in gaishe shi. Ya ce, "'Yata, ya jiki?" In ce masa da sauƙi.