Tsirkiya Huɗu

Kwanon shan da ke kan tagar Malam Hadi ya soma rawa shi kaɗai, Malam ya san an fara ke nan.

Ba irin kiɗan da kunne ya saba da shi ba ne. Wani gurnani ne mai kauri da ke bi ta ƙasa ya hau bango, ya shigo wa mutum ta haƙarƙari. Tun ranar da aka yanka gonar maƙwabcinsa aka mayar da ita filotai, Malam ya san Ungogo ta sauya, amma bai zaci har aljanu za a kawo masa haya ba.

Ɗan hayar sunansa Khalilu, wani dogon saurayi mai buga bulo. Shi da yayarsa Juwairiyya ke zaune a sabon gidan da ke jikin na Malam, ita kuwa ɗinki take yi a cikin gari, ta fita da sassafe sai yamma. Katangar da ta raba gidajen biyu ko kafaɗa ba ta kai ba, don haka Malam na ganin komai. Da yaron ya dawo daga aiki sai ya cire takalmi, ya ɗare kan akwatin lasifika kamar ba kujera a gidan, ya jingina waya da bulo, ya rungumi wata doguwar gita.

Ramlat, 'yar Malam da ke kwaleji, ita ta yi masa bayani. "Baba, bas ake ce mata. Kiɗan hebi metal yake koya. Layi huɗu ne a wayar, kowane layi tsirkiya ɗaya, lamba ta nuna maka inda za ka danna. Ko ba ka taɓa jin waƙar ba, sai ka kaɗa ta."

"Ko ban taɓa cin wuta ba na san tana ƙuna," in ji Malam. "Rufe mini baki."

Da kiɗan ne kawai, da ya daure. Abin da ke ci masa rai shi ne raini. Ya yi sallama ta kan katanga, ya sake, ya ɗaga murya, yaro ko gezau. Ran nan ya hango shi a hanyar gona ya kira shi daga baya, yaron ya wuce abinsa. Amma in suka yi kiciɓis gaba da gaba, sai ya rusuna, hannu a ƙirji, yana murmushi, ko uffan. Wannan murmushin ya fi zagi ciwo. Ramlat ta ce a yi wa Juwairiyya magana, Malam ya ce shi da furfurarsa ba zai kai ƙarar ƙato wurin mace ba. Ya rantse da bakinsa sai ya kashe muryar abin nan.

Ranar da abin ya zo da ƙarar kwana, wansa Alhaji Yahya ya zo daga Zakirai. Suna zaune a zaure ladan ya fara kiran la'asar, gurnanin bai tsaya ba. Sai ma ya ƙara sauri, kamar ana sussukar gero a cikin rijiya. Alhaji ya ajiye buta ya dubi ƙanensa.

"Ana kiran salla? A jikin gidanka, kana raye?"

Malam bai tsaya neman hula ba. Ya faɗa gidan babu sallama, tunda an nuna masa ba a buƙatarta. Ya tsaya a bayan Khalilu ya zazzage duk abin da ya tara: marar tarbiyya, ɗan tasha, mai raina na gaba da shi. Jijiyar wuyansa ta tashi, makwabta suka fara leƙowa. Yaron nan idonsa na kan lambobi, kai na kaɗawa, yatsu na gudu a kan tsirkiya, ko waiwaye bai yi ba.

A gaban jama'a! Malam ya fizge gitar ta sama, ya maka ta a kan tarin bulo. Ya sake makawa, wuyanta ya karye, tsirkiyoyin suka yi reto. Unguwa ta yi tsit, ransa ya yi fari ƙal.

Ya gyara tsayuwa yana jiran zagi ko duka, don ya samu na kai wa mai unguwa. Khalilu bai ko dube shi ba. Durƙusawa ya yi ya ɗora tafin hannu a kan lasifikar, ya matsar da shi gefe, ya dawo da shi, hawaye na zuba a kan siminti.

Daidai nan Juwairiyya ta sauko daga adaidaita, ta ratsa mutane ta shigo. Ta ga gitar, ta ga ƙanenta, mayafinta ya zame ba ta kula ba.

"Baba, me ya yi maka?"

"Ki tambaye shi! Wata nawa ina yi masa sallama yana mayar da ni mahaukaci?"

Ta nuna akwatin da Khalilu ke lalube. "Allah ya isa, Baba! Wace sallama? Rawar da wannan ke yi a jikinsa ita ce kaɗai muryar da ya sani a duniya. Tun yana ɗan yaye sanƙarau ya mayar da shi kurma."